Gwiwar Badaru da Gaisuwar Suruki

Yayana Badaru a tsugune ya yi rayuwarsa. Tun yana yaro yake dashen albasa a fadamar Danchadi, kuma bai taɓa gaida babba a tsaye ba. Da ya haura hamsin sai gwiwar dama ta cinye, ƙashi na gugar ƙashi, sallah ma sai a kan kujera. Wannan kujerar ta fi ciwon ƙona masa rai.

Ni na raka shi asibitin birni. Likita ya zuƙo ɓargo daga ƙugunsa, ya tace ƙwayoyin halittar da ake fatan su taimaki gaɓar, ya yi masa allurarsu a gwiwa. Bai ɓoye mana ba: maganin sabo ne, babu tabbas. Sharaɗinsa ɗaya, kada a tsuguna sai ya ba da izini. Ga dashe ya matso, Badaru kuwa ba shi da wata sana'a.

Bayan mun koma gida sai ga surukinsa, Malam Ahmadu, an ɗauko shi a babur tun daga Lambara ya zo dubiya. Na ce wa Ummulkhairi, matar Badaru, "Maza ki shaida wa Baba zancen likita!" Ta sunkuyar da kai. Wai kunya! Ni ma, don Allah, da wane baki zan ce wa dattijo kada a durƙusa masa?

Na riƙe hannun Badaru na raɗa masa, "Yaya, kul!" Ya fizge. Ya tafi ƙasa a hankali, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Malam, kun zaka lahiya?"

Tsoho bai san komai ba. Ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi rijiyar fadama, har irin albasa sai da ya tambaya. Badaru na amsawa, zufa na ɗiga daga gemunsa. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu.

Aka shafa fatiha, Badaru ya kasa tashi. Da muka ɗaga shi ne Ummulkhairi ta fashe da kuka ta faɗi komai. Malam Ahmadu ya dube mu ya ce, "Mi na yi muku da kunka bari?"

Gwiwa ta kumbura. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa tsugunon ne ya jawo ba. Dashen bana ni na yi wa Badaru.

Yanzu idan Malam Ahmadu ya hango Badaru a kasuwar Bodinga, sai ya laɓe bayan buhunan albasa har ya wuce, don kada ya durƙusa masa.