Fatun Mesa Bakwai na Babana

Babana baduku ne a Birnin Damagaram, kamar ubansa. Yawancin aikinsa da fatar akuya yake yi, amma a cikin wata tsohuwar adaka yana da fatun mesa bakwai da ya gada. Sai an kawo aiki na musamman yake buɗe ta, ya yanki ɗan kaɗan ya yi wa jaka baki.

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, wata Laraba da hantsi, mutum biyu masu kaki suka tsaya a rumfarsa. Suka ce daga biro suke, wato ofishin kula da namun daji. Suka sa ya buɗe adakar, suka naɗe fatun duka, suka bar masa sammaci.

Ni na raka shi biron, don ba ya jin Faransanci. Shugaban biron ya jawo wata takarda ya karanto, ina fassarawa. Wai ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya, dabbar da ke neman ƙarewa ba a cinikin fatarta sai da izini.

Baba ya ce mini, "Gaya masa macizan nan sun mutu tun ba a haife shi ba."

Mutumin ya ce, "Ina takardar da ta nuna haka?"

"Takarda? Ubana ya saya a kasuwar Mirriya, hannun wani maharbi. Dukansu suna ƙasa."

Mutumin ya taɓe baki, ya ce mu gode Allah da ba a rufe tsohon ba. Muka fito, Baba na gaba ina baya, har gida.

Ni ban ƙi dokar ba. Na san kakannina sun ga jimina a dajin Damagaram, ni kuwa sai a littafi. Har na fara lallashin Baba da wannan magana.

Bayan sati uku ina bakin hanya a ƙauyen da nake aiki, can arewa, ina jiran mota, sai ga jerin katkat, motocin nan masu ratsa rairayi. Baƙi ne daga ƙasar waje, masu farauta da shaho. A bayansu kamyo, babbar motar kaya, an jera kejin katako, cike da ƴan barewa masu rai. Ɗaya ta karye a ƙafa, tana kwance ƴan uwanta na tattaka ta. A gaban jerin kuwa motar masu kaki ce ke buɗe musu hanya.

Ran Litinin ban je aji ba, biron na nufa. Na ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, yarjejeniyar nan ba ta san barewa ba?"

Ya ce, "Waɗancan da izini suka zo, daga sama."

"Wa ya ba da izinin a karya mata ƙafa? Ashe dokar talaka kaɗai ta gane!"

Muryata ta ɗaga har ma'aikata suka leƙo. Ya ce in fita, in kuwa na sake dawowa mufattishinmu, mai duba makarantu, zai ji labari. Na fita.

Da yamma na kwashe duka na gaya wa Baba, ina jiran ya taya ni zagi. Ya ajiye basillarsa, sannan ya ce, "Wadda ta karye ɗin, ka ga sun ba ta ruwa?"

Na ce ban gani ba. Wannan tambaya ta fi korar da aka yi mini ƙona mini rai, kuma har yau ba ta sake ni ba.