Sharar Tashar Jirgi

Bayan yaƙin nan da Larabawa suka yi cikin watan azumi, kuɗin mai ya shigo Jidda. Mu dai ba mu ga kuɗin ba, tsadar kaya muka gani.

Maigidana ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Akwai wata al'ada a can: duk abin da ya zube daga buhu ya taɓa ƙasa, na 'yan dako ne. Da yamma sai su share su raba. Yakan kawo min nasa ƙunshe a rawani, shinkafa haɗe da alkama da yashi, wani lokaci har da ƙurar siminti. In zauna da faifai in yi ta tsincewa. Da ita na yaye 'ya'yana.

Sai aka kawo injinan ɗaga kaya da manyan akwatunan ƙarfe a kulle. Akwati ba ya yagewa. Aka sallami mutane da yawa, sharar ma ta ƙare.

'Yan dako suka yi shawarar taruwa a ƙofar tasha, su tare motoci har a saurare su. Maigidana ba shi da iƙama, wato takardar zama, don tun da muka zo Hajji ba mu koma ba. Wanda aka kama haka, gida ake mai da shi, iyalinsa kuwa oho.

Na ce, "Maigida, in an tambaye ka takarda, me za ka nuna?"

Ya ce, "Kafaɗata. Kantar da ke jikinta ta fi hatiminsu daɗewa."

"Ai ba sa karanta kafaɗa."

"Ke da kika shiga ajin yaƙi da jahilci shekaranjiya, har kin san abin da ake karantawa?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Bayan asuba ya fita. Kafin azahar labari ya iso unguwa: 'yan sanda sun zo da motoci, an ware masu takarda gefe, an kwashe sauran. Mu mata muka tsaya bakin lungu muna duban masu dawowa. Wani maƙwabcinmu, haifaffen nan, ya tsaya gabana, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya. Maigidanki ya ce ki riƙe yara a nan, kada ki biyo shi. Can gida babu komai."

Ban bi shi ba. Na kama wanki da guga a gidajen unguwar Sharafiyya, yara suka girma suna amsa min da Larabci. Labarin rasuwarsa wani alhaji ɗan garinsu ne ya kawo min, an daɗe da yin sadakar arba'in.