Cikin da na ɓoye a ɗakin haɗa magani

Salamu alaikum. Masu cigiyar Hadiza, ga ni, ina raye. Sai yanzu bakina ya iya ɗaukar maganar.

A famasin wani asibiti nake aiki a nan Sakkwato. Ni ke haɗa maganin ciwon daji cikin ledar ruwa kafin a ɗaura wa marasa lafiya. Magani ne mai dafi. Akwatin gilashin da ke zuƙe tururinsa ya daɗe da lalacewa, kullum "ana kan gyara". A kan tebur muke haɗawa, da safar hannu da ɗan takunkumi.

Ƙa'idar sashenmu ita ce mai juna biyu a sauya mata wuri. Na san da haka sarai.

To amma cikin fari ne, kuma kun san mu da kunya. Shugaban sashen, Malam Bello, sa'an babana ne, maƙwabcinmu a Runjin Sambo. Da wane baki zan tsaya gabansa in ce ina da ciki? Na ce bari ya turo, ya faɗi kansa.

Jiri ya fara, da amai, da ƙuraje a hannu. Na ce laulayi ne.

Rannan ina tsaye bakin tebur, sai na ji jini yana bin ƙafata.

Aka yi mini hoton ciki. Likita ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Hadiza, sai haƙuri." Aka yi mini wankin ciki, aka ƙara mini jinin maigidana. Na tambaye ta ko maganin ne. Ta ce, "Ba zan rantse ba, amma bai kamata ki kusance shi ba."

Malam Bello ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗi? Ko aike kinka yi, da tun ran nan na ɗauke ki." Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kuka mai isata.

Jiki ya warke, alhamdulillahi. Zuciya ce da saura.

Na gode wa maigidana, da Inna da ta yi jinyata, da ku masu addu'a. Allah Ya saka da alheri.

'Yan'uwana masu wannan aiki, in akwati ya lalace ku ƙi haɗawa. Ku ninka safa, ku sa rigar kariya, kada ku kai ta gida wanki. Ke kuma, ranar da kika ga alamar ciki, ki faɗa, ko ta bakin wata ne.

Ni na jira nawa ya faɗi kansa. Bai kai ba.