Gidan da Ke Gindin Ƙarfen Sabis

Cikin duk ranakun aikina, akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba. Aikin sashenmu shi ne auna ƙarfin siginar da ƙarfen sabis ke watsawa, mu tabbatar bai haura iyakar da aka gindaya don lafiyar jama'a ba. A ƙa'ida sai an auna har inda mutane ke kwana. Ni kaɗai ce mace a sashen, don haka duk gidan da ba shiga, ni oga ke turawa.

Ran nan aka tura ni Birnin Zazzau, gidan Malam Iro, wani dattijo mai ɗinkin babbar riga. An kafa ƙarfe a jikin katangarsa. Na auna zaure, na auna tsakar gida da ɗakuna, mitar awona ko kusa da iyaka ba ta je ba. Sai dai gidan shiru, murhu ko toka babu.

Na ce, "Baba, ina Inna?"

Ya ajiye allura. Ashe bayan kafa ƙarfen ne matarsa ta fara ciwon kai, sai ya kai ta gidan 'yarsu a Ƙofar Jatau. Wata huɗu ke nan. Ita ba ta so, shi ya matsa.

Ya ce, "In cuta ce, ta tsaya a kaina ni kaɗai. Amma don Allah, 'yata, zo ki auna can, in tabbata wuri mai kyau na kai ta."

Takardar aikina gida ɗaya ta ce. Na kira oga, ya ce, "Hadiza, ke dai ba kya rasa ƙari. Je ki, amma ki rubuta." Muka tari keke napep.

Sau biyu na auna ɗakin da Inna ke kwana. Lambar ta ɗan ɗara ta gidan Malam Iro. Mu a wurinmu ba abin mamaki ba ne: sigina kamar ruwan indararo take, can gaba take zuba, ba gindin bango ba. Tausayinsa ya kama ni har na so in ɓoye. Amma na nuna masa, na yi masa bayani.

Ya daɗe yana kallon mitar. "Wato da hannuna na kawo ta inda ya fi yawa."

"A'a, Baba. Nan da can duka sun yi ƙasa da iyaka nesa ba kusa ba. Ciwon kan kuwa a kai ta asibiti a duba, wannan ba aikin mita ba ne."

Inna ba ta jira na gama ba, ta riga ta fara ɗaure kayanta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, ji yadda ka rame. Riƙe min butar nan mu tafi." Ya karɓa yana dariya, yana goge ido da hannun riga. Ni ma sai da na juya baya.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, na ga yadda kuke cike fom a tsaye kuna duba agogo. Ku riƙa zama, ku tambayi mai gida abin da ya sa ya kira mu. Lambar nan da kuke rubutawa a gaggauce, wani ita yake jira ya mai da matarsa gida.