Hoton da Kawu Bushpa Bai Goge Ba

Duk wanda ya tashi a tsohon garin Agadas ya san muryar nan: "Bushpa!" Kawuna Sidi ke nan, ƙanen mahaifiyata, mai shagon hoto a bakin kasuwa. "Kar ka motsa" ke nan da Faransanci. Abin da ya tsinto daga lakwal, makarantar boko, ke nan kafin ya gudu, kuma da shi ya ci abinci har ya cinye masa sunan yanka. Ya faɗa wa ango, ya faɗa wa jariri, ya faɗa wa akuyar da ta leƙo shago. Na taɓa ji ya faɗa wa raƙumi, kuma wallahi raƙumin nan ya tsaya.

Kun dai tuna shi: ɗan guntun mutum, baƙin rawani, amawali har bisa hanci, aparai ɗinsa na ɗaukar hoto a wuya ko wurin gaisuwar mutuwa. Ya ɗauki rabin garin nan hoto, amma shi babu mai hotonsa. Wanzami ba ya son jarfa. Ka ɗaga portabul, wayar hannu, wajensa, ya juya maka ƙeya. Tun da ya rasu kuke ta aiko mini, Zainabu ko kina da hoton Kawu? To ku zauna ku ji, don amsar tana da tsawo.

Shekarar da maigidana ya rasu a hanyar Dirku, ya bar ni da yara biyu, ba ni da sana'a ko ta sayar da gyaɗa. Da na fita takaba na lura da abu ɗaya: ranar lalle mata ba sa son namiji ya shigo musu ɗaki da aparai. Na ce to ga abincina nan. Sai dai a garinmu babu uwar da za ta buɗe miki ɗakin amarya in ba Kawu Bushpa ya ce kin iya ba. Na same shi yana hura gawayin shayi, na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dube ni ta saman amawali ya ce, "Zan koya miki, Abu. Amma duk hoton da kika ɗauka, in da aibu zan goge. Ranar da kika ɗauki wanda ban goge ba, ranar kin zama mai hoto, ni da bakina zan gaya wa gari."

Na ce a raina, hoto ɗaya tak? Ai kafin Juma'a na gama. Ni ƴasu! Ashe ban san wanda na ɗauko ba.

Washegari na yi wanka na sha turare na zo karɓar aparai. Ya ɗauko kwalin shayi, ya huda masa taga da reza, ya miƙo mini.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Aparai."

"Ina madannin?"

"Madanni na masu ido ne. Ke ƙwayoyi biyu gare ki, ba ki yi ido ba tukuna."

Wata uku cur ina yawo cikin kasuwa ina leƙen duniya ta kwalin shayi, shi yana biye da ni yana faɗa. Rana ta tsaya a bayanki, haske ya faɗa a fuskar mutum. Duba kusurwa huɗu kafin ki dubi tsakiya, don tsakiya kowa na gani, kusurwa ce mai tonon asiri. Kar ki kafe mutum a tsakiya kamar turke, ba shi wuri ta inda yake kallo. Matan kasuwa kuwa sai girgiza kai suke: "Allah sarki Zainabu, mutuwar miji ta taɓa ta." Wata har rubutu ta kawo mini a kwalba. Kawu ya karɓa ya ce mata, "Madalla, ta sha, ko idon ya buɗe."

Ranar da ya fara ba ni aparai na gaskiya, wani manomin albasa ne ya zo daga Tabelot, yana son hoto gaban hasumiyar babban masallaci ya aika wa ɗan'uwansa a Libiya. Na tsayar da shi, na sa rana a bayana, na duba kusurwa huɗu, na danna. Ina ta murna na miƙa wa Kawu. Ya duba, ya duba, sai ya kira mutumin.

"Malam, tun yaushe abin nan ya tsiro maka a ka?"

Na leƙa. Innalillahi! Hasumiya ce ta fito daidai tsakar kan bawan Allah, da itatuwanta cako-cako ta kowane gefe, sai ka ce maburgi. Kusurwa na duba, na manta da bayan mutum. Kawu ya goge. Na matsa gefe, na matso kusa, na sake dannawa. Wannan karon hasumiya ta koma inda Allah ya ajiye ta, amma hoton ya tsaya a idon sawu.

"Abu, da ƙafafunsa ya zo daga Tabelot. Mayar masa da kayansa."

Ya goge. Manomin nan ya yi dariya har sai da ya riƙe bango, ya kuma bar mana albasa mai yawa, wai kuɗin kallo.

Sai maganar talatin da shida. Kawu ya koyi aiki tun zamanin pelikil, wato fim, lokacin da naɗi ɗaya ke ɗaukar hoto talatin da shida, in ya ƙare ya ƙare. Da zamani ya juya, ɗansa ya aiko masa aparai mai kart na ajiyar hotuna, wanda za ka wuni kana dannawa bai cika ba. Kawu ya karɓa, ya yi godiya, ya ci gaba da talatin da shidansa. Cewa yake mai danna ɗari bai ga ko ɗaya ba. Wani biki a Dagmanet ya kammala adadinsa, ya rufe aparai, ya zauna cin nama. Can ga wani babban mutum ya iso a makare, riga tana ƙara, ya gyara tsayuwa kusa da ango yana jiran a ɗauka.

Kawu ya ce, "Alhaji, pelikil ta ƙare."

"Haba Bushpa! Aparai ɗin nan ai ba shi da pelikil!"

"Shi ba shi da ita. Ni ina da ita."

Ya ci gaba da tauna. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma inda ba ya wasa ko kaɗan shi ne izini. Cewa yake fuskar mutum ƙofar gidansa ce, ba a shiga sai da sallama. Wata rana a tasha muka ga wani anasara da dogon aparai yana ta ɗaukar samarin nan baƙi masu jiran motar da za ta ƙetare hamada da su zuwa Libiya. Suna zaune bisa bidon ɗinsu na ruwa, suna rufe fuska da hannu, shi kuwa ko a jikinsa. Kawu ya ɗaga nasa aparai ya bi bayan anasara. Anasara ya zauna cin taliya, Kawu na gabansa a durƙushe. Ya fyace hanci, Kawu na nan. Ya nufi bayan gida, Kawu ya riga shi zuwa ƙofa, yana cewa, "Bushpa, mushe!" wato kar ka motsa, yallaɓai. Mutumin ya yi ja wur, yana ta faɗa da Faransanci, wai wa ya ba shi izini. Kawu ya nuna masa samarin da baki, ya ce, "Wanda ya ba ka." Da muka juyo gida na ce ya nuna mini hotunan. Ya buɗe gindin aparai. Babu batir a ciki, ya baro shi a shago yana caji.

Kuna tsammani na ɗauki darasi? Ina! Shekara ta zagayo, ya goge mini hotuna har na daina baƙin ciki na koma jin haushi. Yarana sai tuwon gidan Kawu suke ci, ni kuma na gaji da zama ƴar karo. Rannan da azahar na ga Iya mai cuku ta yi barci a rumfarta, baki buɗe, haske ya ratso ta zana ya kwanta mata a kumatu. Hannuna ya riga hankalina. Da na kai wa Kawu ya daɗe yana kallo, har na fara murna.

"Haske ya yi. Kusurwa ta yi. Ƙafafu sun cika." Ya ɗago. "Kin yi sallama?"

"Kawu, barci fa take."

"To je ki tashe ta ki nuna mata. In ta yarda, kin gama."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na je na tashe ta. Iya ta dubi bakinta a buɗe, ta dube ni, ta lalubo takalmi. Har bakin masu sirdi ta biyo ni tana kiran sunan kakata. Na dawo ina haki, Kawu ya miƙo mini aparai ya ce, "Wannan ke za ki goge da hannunki." Na goge ina kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kwana uku ban gaishe shi ba, shi kuwa kullum sai ya aiko mini da shayi.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Dattawan Abzinawa ba sa sauke amawali gaban mutane, amma hoton kart dantite, katin shaida, dole fuska ta fito. In irinsu suka zo, Kawu korar kowa yake, har ni, ya rufe ƙofa. Mutum ya sauke, a danna sau ɗaya, ya mayar. Hotuna a ba shi cikin ambulan a manne, na cikin aparai kuma a goge gabansa. Shi ya sa suke wuce shaguna masu fitilu su zo wurinsa.

To, da ciwon ƙirji ya matsa masa, likita ya ce sai Yamai. Ana shirin tafiya aka duba kart ɗinsa, ashe ta mutu tun tuni. Hoton da ke kanta ma shi ya ɗauki kansa, tun gemunsa na baƙi. Na ce, "Kawu, ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce in rufe masa baki, in kuma rufe ƙofa. Na juya zan fita kamar kullum.

"Ina za ki? Wa zai danna, akuya?"

Ciwo ya ci ƙarfinsa, ba ya iya ɗaukar kansa hoto kamar da. Ya zauna bisa kujerar nan da ya zaunar da rabin gari, ya warware amawali a hankali. Rabona da ganin bakin Kawu tun ina goye. Ashe giɓi gare shi! Ashe duk faɗan nan ta giɓi yake fitowa! Kuma ko a nan bai bar ni na huta ba: matsa hagu, buɗe taga kaɗan, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, riƙe numfashi. Yana magana yana juya kai, ya ƙi zama wuri ɗaya. Haushi ya kama ni, ban san sanda na daka masa tsawa ba.

"Bushpa!"

Ya yi tsit, na danna. Sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ban taɓa ji ba, har da tari, giɓi a waje, ido ya cika da ƙwalla. Yatsana ya sake dannawa.

Na san doka. Na kai masa aparai na ce, "Na farko na kart ne. Na biyu ban yi sallama ba, ga shi ka goge." Ya karɓa. Na ga idonsa ya bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo tsakiya ya tsaya. Babban yatsansa na kan madannin gogewa, ni kuwa na kau da kai don na saba.

"Kunnen hagu ya yi kusa da gefe," in ji shi.

"To, Kawu."

"Kuma tsohon nan mummuna ne."

"To, Kawu."

Ya cire igiyar aparai, ya rataya mini a wuya, ya mayar da amawalinsa. "Bar shi. Amma ba mai gani sai bayan raina, kuma kar ki kuskura ki sa ni cikin portabul."

Kafin ya hau mota sai da ya sa aka tsaya da shi gidaje uku masu shirin biki, ya gaya musu Abu ta iya. Ko Iya mai cuku ya aika wa. Da aikin nan nake ciyar da yarana yau, kuma har gobe in na kai talatin da shida sai na ji hannuna ya yi nauyi. Shi kuwa bai dawo daga Yamai ba.

Saboda haka amsar ita ce e, ina da hoton Kawu, guda ɗaya. Ba zan aika wa kowa ba. Mai son gani ya zo shago ya yi sallama, in rufe ƙofa in nuna masa.

Allah ya jiƙan Kawu Sidi, ya haskaka masa kabari, ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa bayinsa. Ya Allah, ka goge masa kurakuransa yadda ya dinga goge hotunana, kar ka bar masa ko ɗaya. Amin.