Rabon Fatalwa

Ransford Pinnock, wanda kowa a ƙauyenmu ke kira Maas Ranny, mai haɗa ganga ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a gidan dafa giyar rake da ke gindin tudu, a nan Trelawny ta ƙasar Jamaika, yana fere falankai yana ɗaure su da ɗamarar ƙarfe, babu ƙusa babu gam, amma ko ɗigo ba ya fita. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk kanta, babban yatsansa na hagu a karkace tun ranar da guduma ta kuskure. Yara kan tsokane shi wai shi ma haɗa shi aka yi kamar ganga. Ya kan ce to alhamdu, shi dai ba ya yoyo.

Bai yi karatu mai nisa ba, amma yana da labari guda da ya gada daga kakarsa, kuma in ya ɗan kurɓa ranar Asabar a shagon Miss Vie, inda ake buga wasan domino, sai ya ɗauko shi. Wai kakan kakarta da gangunan rum, wato giyar rake, aka saye shi a bakin tekun Gini. Aka kawo shi ya sari rake, aka matse raken aka yi sukari, baƙin maɗin da ya rage aka dafa ya zama rum, aka loda ta a jirgi aka koma aka sayo wasu mutanen. Daga baya sojojin ruwan Ingila suka riƙa shan ta kullum kamar magani, suka kai ta har inda ba a san sunan Jamaika ba. Ya kan rufe da cewa duk abin kirkin da ƙasar nan ta haifa, jirgi ne ke ɗaukarsa. Egbert, abokinsa tun suna tsirara, ya kan ce ai shi ya sa aka bar su su biyu, ba mai saye. A yi dariya a ci gaba da wasa.

Ɗa ɗaya Allah ya ba Maas Ranny, Linval. Shi ma jirgi ne ya ɗauke shi, na sama. Ya tafi Ingila yana saurayi, da alkawarin shekara uku zai dawo ya gina wa iyayensa ɗakin bulo. A makon tafiyar Maas Ranny ya haɗa wata 'yar ganga, wadda mutum ɗaya zai runguma ya ɗauka. Ya cika ta da farar rum sabuwar dahuwa, ya sa toshiya, ya miƙa wa yaron guduma. Linval ya buga har ta zauna.

"Kai ka rufe ta, kai za ka buɗe ta," in ji uban. "Ranar mu sha tare."

Duk wanda ya yi aiki a rumbun ajiya ya san ganga tana numfashi. Ko ba ta yoyo, kowace shekara zafin ƙasar nan sai ya zuƙe wani abu ta jikin katakon. Rabon fatalwa muke kiransa, wai matattu ne ke zagayowa su kurɓi nasu. Ƙaramar ganga kuwa ta fi babba saurin ramewa. Maas Ranny ya fi kowa sanin haka, amma shekara uku ba wani abu ba ne, fatalwa za ta sha ta rage wa mai rai.

Sai takardun zama suka ƙi fitowa. Izinin Linval ya ƙare, in ya fito ba zai sake shiga ba, ga shi ya yi mata, ga 'ya'ya sun fara zuwa. A madadinsa sai ganguna suka riƙa isowa, irin shuɗɗan nan na roba da 'yan ƙasar waje ke aikowa gida gab da Kirsimeti, cike da shinkafa, man girki, sabulu da takalma. Miss Icy, matar Maas Ranny, ta kan ɗiba ta raba wa maƙwabta bakinta har kunne. Shi kuwa ya kan zagaya gangar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya taɓe baki ya ce wannan ko kunya ba ta ji a kira ta ganga. Haka gangunan suka yi ta taruwa a bayan gida suna tarar ruwan sama.

Kowace Lahadi bayan coci, tun bai cire kwat ba, sai ya shiga ɗakin Linval inda 'yar gangar ke kwance a kan katakai biyu. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa fuskarta daga sama zuwa ƙasa, kunnensa a kusa. Inda babu komai tana amsawa da ƙara kamar ƙwarya, inda akwai rum sai muryar ta dushe. Shekara bayan shekara, wurin da muryar ke dushewa yana ta sauka.

Egbert ya sha ba shi shawara ya juye ta a kwalabe, tunda fatalwa ba ta huda gilashi. Maas Ranny ya ce abin da aka kulle a kwalba ba ya girma, sannan ba shi ya rufe ba balle ya buɗe. Miss Vie ta ce kaf garin nan babu mai jin daɗi kamar fatalwowin gidan Pinnock, suna shan mai kyau ba mai ce musu an tashi shago.

Ciwon sukari ne ya ɗauki Miss Icy. Linval ya yi ta kuka a waya, amma bai iya zuwa ba. A nan ba a haƙa kabari sai da rum, kuma kafin kowa ya kai baki sai an fara zuba wa ƙasa, don na farko na mamaci ne. Ranar haƙa, maza suka taru a gindin mangwaron bayan gida da diga da shebur, hankalin kowa yana kan 'yar gangar nan. Maas Ranny ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Linval, hannunsa a kan ƙyaure. Daga nan ya sa hularsa, ya gangara shagon Miss Vie ya ɗauko kwalba biyu.

Bayan haka ya daina ɓata rai in ya ji gangar ta ragu. Ya ce yanzu Icy ce ke sha, matar da ta yi rayuwarta a ƙungiyar waƙar coci ba ta taɓa ɗanɗana ba, a bar ta ta fanshe. Ya kan faɗi haka yana murmushi, amma bai ƙara ɗauko labarin kakarsa a shago ba. Ciwon baya ya hana shi aiki, ido ma ya soma ja da baya. Yini ya kan yi a baranda yana kallon motocin rake suna wucewa zuwa injin matsa.

Takardun sun fito bayan shekara ashirin da wani abu. Linval ya bugo waya ya ce Kirsimeti a gida zai yi ta. Har ya yi wasa ya tambaya ko gangarsa tana nan. Uban ya ce tana nan tana jiransa. Lokacin ƙafafun tsohon sun kumbura, numfashi sai yana zaune.

Wata rana cikin ruwan Oktoba ya ce Egbert ya ɗauko masa ita. Egbert ya sunkuya ya yi shirin nauyi, sai ta taso masa kamar kwandon da ba komai. Ya girgiza ta kusa da kunnen abokinsa. Wani ɗan motsi suka ji can ƙasa, irin na ruwa a cikin tsohuwar kwakwa.

"Ranny, bari in cika ta da sabuwa," in ji Egbert. "Yaron ba zai gane ba."

"Ni zan gane. Ka bar masa abin da shekarun suka bari."

"To ka daure har Kirsimeti, tsohon banza."

Maas Ranny ya ce zai gwada. Ya kuwa gwada, Allah ya sani, har romon da ba ya so ya riƙa sha. Amma Nuwamba ba ta ƙare da shi ba. Ya tafi da hantsi a kan kujerarsa ta baranda, hularsa a kan gwiwa.

Linval ya iso da furfura a gefen kai, harshensa ya koma na can, har tsofaffi suna cewa ya maimaita. Ranar haƙa ya fito da 'yar gangar a rungume, ya ajiye ta kusa da kabarin uwarsa. Egbert ya miƙa masa gudumar ubansa. Linval ya bubbuga gefen toshiyar har ta yi tsalle. Wani ƙamshi ya tashi mai nauyi, kamar ƙonannen sukari da tsohon katako, har masu diga suka tsaya. Ya karkata gangar a kan kofin tasa, ya karkata, ya kife ta gaba ɗaya. Abin da ya fito bai rufe gindin kofin da kyau ba, baƙi wuluk, mai kauri kamar maɗi.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga kofin zuwa bakinsa. Egbert ya riƙe wuyan hannunsa a hankali.

"Ɗana, ka manta. Na ƙasa ne farko."

Linval ya dubi tsohon, ya dubi ramin da aka fara. Ya sunkuya don ya ɗiga kaɗan, amma abin bai kai a raba shi biyu ba. Duk ya tafi. Jar ƙasar ta shanye nan take, ko alama ba ta daɗe ba. Ya tsaya da kofin a hancinsa, yana kuka, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Bayan an gama zaman makoki ya koma wurin iyalinsa. Gangar ya bar ta a kan kabarin, daga wajen kai. Maas Ranny ya sha faɗa cewa ganga in ta bushe mutuwa take yi, haka kuwa aka yi. Da rani ya shigo falankan suka motse, ɗamarar ƙarfen ta zame ƙasa, wata safiya aka tarar da ita a baje. Egbert ya tsince falankan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su da igiya ya kai ɗakin Linval. A ƙauyen nan babu sauran wanda ya iya haɗa su.