Saniyar Baturiya Marar Tozo

Ina ɗan shekara bakwai aka fara tara mu a gindin wata tsamiya bayan gidanmu a Tudun Wada, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba. Matar wani Baturen reluwe ce zaman gida ya gundure ta, sai ta ga ya kamata ta koya wa yaran unguwa shafa launi. Ni kuwa ubana baduku ne, ƙaninsa marini. Tun ban iya saka wando ba hannuna ke cikin jan karan dafi da ake rina fata da shi. Amma wai ni za a koya wa launi.

Ran Laraba take zuwa da hantsi, da takardu masu zanen da aka riga aka buga, da waɗansu 'yan sanduna kamar kyandir, ja da kore da shuɗi da rawaya. Aikin duka shi ne ka cike cikin zanen, kada ka tsallake layi. Wani can a ƙasarsu ya gama tunanin, kai naka gogawa.

Ita dai ban riƙe ta da laifin komai ba sai rashin aikin yi. Wanda har yau nake jin haushinsa shi ne tafintanta, maƙwabcinmu. Dako ya taɓa yi a tasha, ya tsinto Turancin da bai cika cokali ba, ya kuma sami wani tsohon kwat na ulu yana sawa a tsakiyar bazara, gumi na tsiyaya. Ya ce lallai mu riƙa kiransa Malam. In ta faɗi magana ɗaya sai ya juya mana goma, tara nasa ne. Kullum akwai tsumagiya ɓoye a hannun kwat ɗin.

Wata Laraba aka ba mu hoton wata dabba mai gajerun ƙafafu, ba tozo, ƙaho kamar ɗan yatsa.

Na ce, “Malam, wannan mece ce?”

Ya ce, “Saniya ce, jahili. Irin ta Ingila. Can tozo ƙauyanci ne.”

Na duba ta, na ga fili a banza. Sai na shafe ta da ja, na yanka mata dagi da kore a haƙarƙari kamar yadda Baba ke yi wa tumtum, matashin nan na fata, na bi wuyanta da ƙananan kusurwoyi irin na kuben wuƙa. Na kuma ɗora mata tozo, don ban ga dalilin barinta haka ba.

Da tafintan ya hango sai ya zabura, ya murɗe mini kunne. “Ka ɓata takardar Turawa! Ka san daga inda ta taso kuwa? Yau sai ubanka ya ji.”

Hayaniyar ta jawo Baturiyar. Ta karɓi takardar ta ɗaga sama, ta yi dariya, ta tafa hannu tana ta surutu da harshensu. Nan take mutumin nan ya sake mini kunne, ya koma shafa mini kai. Ya rusuna har kwat na taɓa ƙasa, yana bugun ƙirji yana nuna ni. Ba na jin Turanci, amma na gane cewa yake shi ya koya mini.

Larabar da ta biyo, agwagwa aka raba mana. Kafin Baturiyar ta sauko daga doki tafintan ya riga ya karɓi takardun ya raba, ya zagaye mu da tsumagiya: kowa ya yi ja, kowa ya yanka dagi, kowa ya ɗora tozo. Ƙanwata da ke cikinmu ta ce agwagwa ba ta da tozo, ya zane ta a ƙafa. Haka yara goma sha wani abu suka miƙa jajayen agwagi masu ƙusumbi. Matar ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta yi ja, ta tattara sandunanta ta tafi.

Sau biyu ta ƙara zuwa, sannan aka ce sun tashi zuwa Kano. Tafintan bai bi su ba, don ba su neme shi ba. Ya koma tasha wajen dakonsa. Amma da Baba ya ga sawun bulala a ƙafar ƙanwata, sai ya je har ƙofar gidansa ya ce, “Ka ƙara taɓa mini 'ya ka gani.” Daga ranar ba su sake gaisawa ba, ko a masallaci, har Baba ya rasu.